Mai Baki Biyu da Kaset ɗin Dogo

Talata, 6 ga Maris

'Yar Dogo,

Sallama, da gaisuwa mai tarin yawa daga ni da Gwaggonki. Ina fata wannan takarda ta tarar da ke lafiya, ke da maigidanki, da mahaifiyarki, da aikin ba da magani. Mu nan sai godiya, in ban da gwiwata ta hagu da ta naɗa kanta shugabar jikina: sai ta sa hannu ake tashi, sai ta sa hannu ake zama. Gwaggonki kuma an yi mata sabon tabarau. Yanzu tana hango ƙurar saman kabad tun daga bakin ƙofa, ni ne na shiga uku.

Akwai wata magana da na taɓa ji da daɗewa, ina zaune a shagon aski ina jiran layi. Wani mutum mai yawan sani ya ce wai kaset ɗin bidiyo yana mutuwa. Ba ruwa ya taɓa shi ba, ba wuta ba. Ka sa shi a kwalinsa, ka kulle a akwati, ka dawo bayan shekara ashirin, wai sai ka tarar mutanen ciki sun watse. Na ce masa, "Malam, ni a maɗaba'a nake aiki. Abin da aka buga ya bugu. Ina za su je, alhali ƙofa a kulle?" Aka yi dariya, aka yi mini askina, na tafi gida da gaskiyata.

Abin da ya tuno mini da zancen shi ne tsohuwar bidiyonmu ta cika. Ta haɗiye kaset ɗin Gwaggonki na koyon ɗinki, ta ƙi amayarwa. Injiniya, mai gyaran rediyon bakin layinmu, ya kwance ta, ya leƙa, ya ce, "Baba, wannan sai dai addu'a." To Gwaggonki tana da kaset sun fi arba'in a kabad, ba za ta rabu da ko ɗaya ba. Maƙwabta kuma duk sun koma faifan DVD, suna aro a tsakaninsu, ita tana zaune ba ta da abin sakawa. Tana son tsoho, tana son sabo. Na ce mata tsohon dai ga shi nan a kujera, ba ta yi dariya ba. Injiniya ya ce akwai na'ura guda mai baki biyu, ɗaya na kaset, ɗaya na faifai. Nan shagunanmu babu. Ke kuwa kina babban gari.

Mahaifinki, Allah ya jiƙansa, shi ne masanin na'ura a cikinmu. Kakanmu ɗaya da shi, maɗaba'armu ɗaya, amma shi ke jan inji, ni wuƙar yankan takarda kawai na iya. Da yana nan da ban dame ki ba.

Ki duba mana wadda maɓallanta ke jikinta, manya, waɗanda yatsan tsoho zai samu, don rimot a gidan nan kwana uku yake yi ya shige ƙarƙashin kujera. Sai abu guda da ba na son musu a kai: kada ta zama mai jan maɓalli, wato mai maɓallin nan ja da ake dannawa ta ɗauki shiri a kan kaset. Mai nunawa kawai nake so.

Kada ki ce za ki bugo waya. Kin san kunnena da waya ba sa shiri, sai in yi ta "na'am, na'am", ana zagina ma ban sani ba. Rubuto.

Baffanki.


Lahadi, 18 ga Maris

Baffa,

Na amsa sallama. Takardarka ta iso, na karanta wa Mama, ta yi dariyar tabarau har da hawaye. Duk muna lafiya. Gwiwar nan, don Allah ka daina karɓar ƙwayoyin maƙwabta kana haɗiya. Na san halinka. Ka je a duba ta.

Jiya ni da Malam, maigidana, mun zaga shago uku. Na farko mai shagon ya dube ni ya ce, "Kaset? Madam, gidan tarihi za ki buɗe?" Na biyu ya ce in dawo jibi, irin jibin da ba ya zuwa. Na uku wani dattijo ne mai furfurar gemu a bayan tashar mota. Shi ya hau tsani ya sauko mana da kwalaye daga can sama, ya kaɗe musu ƙura.

Iri biyu ne, Baffa. Akwai mai nunawa kawai, irin wadda ka ce, yana da guda huɗu. Akwai kuma wadda ke kwashe abin da ke cikin kaset ta zuba a faifai, ka samu kwafi. Ita ce mai jan maɓallin. Biyu suka rage masa, ya ce in sun ƙare sun ƙare, an daina kawo su. Na ba shi labarin shagon aski. Bai yi dariya ba. Ya ce mai yawan sanin nan ya fi ka gaskiya: zaren kaset yana fumfuna, yana mannewa, launi yana koɗewa, ko ba a taɓa shi ba.

Tun da ya faɗi haka hankalina bai kwanta ba. Zan tambaye ka abin da na daɗe ina jin nauyin tambaya.

Ina shekara uku Baba ya rasu, Mama ta taho da ni nan wajen danginta. Hotonsa biyu gare ni. Ɗaya na katin aiki ne, ya ɗaure fuska kamar an kama shi da laifi. Ɗayan kuma rana ta haske rabin fuskar. Ban san muryarsa ba. Ban san yadda yake tafiya ba. Mama ta taɓa ce mini ranar da aka kafa sabon inji a maɗaba'arku an ɗauki bidiyo, shi ya tayar da injin yana yi wa baƙi bayani, kuma bayan rasuwarsa mai maɗaba'ar ya ba ka kaset ɗin. Gaskiya ne? Yana nan?

In yana nan, ya wuce shekara ashirin, Baffa. Ka bar ni in sayi mai jan maɓallin, a juye shi a faifai tun da sauran abin juyewa. Ni ban ga aibin maɓalli ba. Wanda ba ya so ai sai ya ƙi dannawa.

A gaishe mini da Gwaggo. Ina jiran amsa.

'Yarka.


Talata, 24 ga Afrilu

'Yar Dogo,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki yi haƙuri da jinkiri, alƙalamina ne ya ɓata, da na same shi kuma takarda ta ƙare. An duba gwiwa. Likitan yaro ne ɗanye, ya ce in rage hawa bene. Na ce masa gidan da nake ciki ko dakali ba shi da shi. Gwaggonki lafiya, ta gano ƙura a bayan firiji.

Na kai wa Injiniya bayaninki, muka zauna a bencinsa tsakanin gawarwakin rediyo muka yi shawara. Ya ce in kin koma ki ɗaga na'urar da hannu biyu. In ta yi nauyi, ƙarfe ne a cikinta, ta gidan aure ce. In ta yi sakayau, roba ce, baƙuwa ce. Ya ce ki leƙa bayanta ki ga ramukan waya uku, rawaya da fari da ja, don talabijin ɗinmu ba ta san wani yare ba sai wannan. Ya kuma ce in sani, mai baki biyu in baki ɗaya ya lalace duka biyun ne ke kwana a shagonsa. Na ce na sani, ni ma in haƙorina na ciwo ba na barin sauran jiki a gida.

Na auna kabad ɗin da ke ƙarƙashin talabijin da rular maɗaba'a. Faɗinsa santimita arba'in da biyar, ba ƙari. Ki tafi da abin awo, kada ki yarda da idon mai shago. A sa kaset a gabanki a ga yadda take karɓa. Wata tana karɓa da ladabi, wata fizga take kamar an daɗe ba a ba ta abinci ba. Mai fizga ita ce mai haɗiya.

Batun jan maɓalli, ina nan kan bakana. Kin ce wanda ba ya so sai ya ƙi dannawa. Ke ba ki zauna a gida mai hannu da yawa ba. Jikoki suna zuwa ranar hutu, abu ja kuwa shi yatsan yaro ke fara nema. Dannawa ɗaya, abin da aka adana ya tafi. Mai nunawa ba ta iya ɓarna, iyakacinta ta nuna.

Kaset ɗin da kika tambaya yana nan a akwatina. Ba abin fitarwa ba ne yanzu. A bar shi inda yake.

Launin na'urar kuma Gwaggonki ta ce baƙa, ni na ce ruwan toka, don baƙa ta fi nuna ƙura. Ki sayo ruwan toka, ki ce ita kaɗai aka samu.

Baffanki.


Asabar, 5 ga Mayu

Baffa,

Muna lafiya. Ina fata ku ma haka.

Sati biyar na jira. Kullum na dawo daga aiki sai na tambayi mai gadi ko an kawo takarda. Da ta zo na samu shafi biyu a kan nauyin na'ura da faɗin kabad, da layi biyu a kan mahaifina.

Na karanta layukan nan ban san sau nawa ba. "A bar shi inda yake." Na gane. Kaset ɗin na gidanku ne, ni kuma wadda aka tafi da ita ce. Mama ta ce dama ta gaya mini kada in tambaya, abin da ya zauna wajen dangin uba ya zauna. Na yi mata musu, na ce ba ta san Baffa ba. Ga shi maganarta ta fito.

Ban ce ka ba ni kaset ba. Kwafi na roƙa. Ko ba za ka aiko ba, a juye shi ya zauna a akwatin naka, in dai ba zai mutu ba.

Na koma wajen dattijon. Na ɗaga, na auna, na leƙa ramuka. Duka iri biyun suna da nauyi, duka za su shiga kabad. Mai jan maɓallin an sayi ɗaya, saura ɗaya. Na roƙe shi, ya ce zai ajiye mini zuwa ƙarshen wata, ba zai wuce haka ba. In wata ya ƙare ban ji wani abu daga gare ka ba, zan sayi mai nunawa kawai, ruwan toka, in ba direban motar kaya ya kawo muku. Ba zan sake tada maganar ba.

A gaida Gwaggo.

'Yar Dogo.


Asabar, 19 ga Mayu

'Yata,

Sallama. Jiki lafiya. Sauran kuma ga shi nan a ƙasa.

Takardarki ta zo ina wanka, Gwaggonki ta buɗe. Da na fito na tarar da ita tsaye a tsakiyar falo, tabarau a karan hanci. Ta karanta mini da ƙarfi, yadda ko kunnena bai samu mafaka ba. Ta ninke ta ce, "Jikoki ko? Babbansu shekararsa goma sha biyu. Abin da aka yi shekara goma sha bakwai ke nan. Daga ina suka miƙo yatsan?" Na ce ta bar ni in yi tunani. Ta ce, "Ka yi sati biyar kana tunani, ka haifi faɗin kabad. Ko ka rubuta, ko ni in rubuta, ni kuma ka san ba na saka wa zance riga." Duk da haka sai da na ƙara kwana shida. Ga shi na zauna.

Ba ki karanta ni daidai ba, amma laifin marubucin ne. Ba hana ki nake ba. Tsoro nake ji.

A gefen kowane kaset akwai wani ɗan haƙori na roba. In aka karya shi ya bar rami, na'ura ba za ta yarda ta ɗauki komai a kan kaset ɗin ba. Mai ɗaukar bidiyon ya karya na mahaifinki, kamar yadda ya kamata. To ni mutumin maɗaba'a ne. A wajenmu takardar da ta ɓaci ba a zubarwa, juya ta ake a yi gwaji a bayanta. Wata rana Injiniya ya nuna mini cewa in an manna salatef a kan ramin, sai na'ura ta zaci haƙorin yana nan, ta ɗauka. Na ji kamar an ba ni gona. Na dawo gida na tara duk kaset ɗin da ke saman talabijin, na jera su a tebur, na daidaita gefensu, na bi su da salatef ɗaya bayan ɗaya. Haka muke aiki. Mai yanka ba ya karanta takarda, tarin yake gani. Shekara talatin da huɗu ban taɓa tambayar me aka rubuta a abin da nake yankawa ba.

Na mahaifinki yana cikin tarin. An nuna wa wasu baƙi shi a satin, ba a mayar da shi kwalinsa ba, kuma sunan a jikin kwalin yake, kaset ɗin ba rubutu.

Bayan 'yan kwanaki ana wasan ƙwallo da la'asar, ni kuma an kira ni aiki. Na ɗauki kaset ɗaya a tarin, na tura, na danna ja, don in dawo in kalla. Na sa takalmi. Na nemi makulli. Na tsaya a bakin ƙofa ina cewa bari in ga wannan bugun kawai. Na zauna a hannun kujera. Ina nan sai Gwaggonki ta fito daga ɗaki riƙe da kwali, ta ce, "Ina na Dogo? Wannan ba komai a ciki."

Na kashe. Na zare. Na sa shi a kwalinsa na kai akwati. Ban sake sa shi a na'ura ba har yau.

Ban san minti nawa ƙwallon ta ci ba. Wata rana in lissafa in samu goma, wata rana in samu awa guda. Kaset ɗin duka bai fi awa ɗaya ba, bayanin mahaifinki kuma a farko yake. Muddin ban duba ba, Dogo yana ciki. Shi ya sa mutumin shagon aski bai yi mini daɗi ba, shi ya sa kuma na fara miki da zancensa ba ki tambaye ni ba. In kaset ba ya mutuwa, ina da lokaci. Na daɗe ina da lokaci.

Jan maɓalli ba don jikoki na ƙi shi ba. Yatsan da na sani nake gudu.

Ki sayi mai jan maɓallin. Ki yi sauri. Abin da ya rage a ciki naki ne, ko da ɗan kaɗan ne. In kuma babu komai, gara ki ji daga bakina.

Baffanki, in har yanzu kina amsa sunan.


Talata, 5 ga Yuni

Baffa,

Muna lafiya, Mama ma lafiya. Ina fata gwiwa ta yi sauƙi.

Takardarka sati biyu ta yi a hanya. Ranar Alhamis, ƙarshen wata, na cika alkawari na sayi mai nunawa kawai. Malam ya ɗaure kwalin da igiya, na rubuta sunanka a kai. Ranar Asabar muna shirin kai wa direba, mai gadi ya miƙo mini ambulan.

A tsaye na karanta. Na yi fushi, Baffa, amma na ga fushin zai iya jira, shago ba zai jira ba. Muka ɗora kwalin a babur ɗin Malam, ina rungume da shi a baya.

Dattijon ya gan mu ya ce, "Ba ta yi ba?" Na ce ɗayar nake so. Ya ce, "Madam, wata ya ƙare shekaranjiya. Wani mai ɗaukar hoto ya ce zai zo da yamma." Na ce yamma ba ta yi ba. Ya ce, "Ke da Baffan nan naki, ba za ku zauna ku yi taro ba? Wata uku kuna auna na'ura kamar za a ɗinka mata riga." Sai na ba shi labarin, ban rage komai ba, har salatef. Ya ce, "Ƙwallo?" Na ce ƙwallo. Ya girgiza kai, ya hau tsani. Yana saukowa ya ce shi ma akwai labaran yamma da ya ɗauka a kan wani kaset, matarsa ba ta sani ba har yau.

Da muka dawo gida na ci gaba da fushina daga inda na tsaya. Kwana biyu na yi. Ba ƙwallon ce ta fi ci mini rai ba, kuskure kowa yana yi. Barina da ka yi wata guda ina zaton ba ka ɗauke ni 'ya ba, shi ne. Na faɗa wa Mama magana a kanka da ban so na faɗa ba. Na je na janye. Sunan kuma ina amsawa, ba ni da wani Baffan.

Ga na'ura nan wajen direba, da faifai biyar marasa komai. Baƙa ce, ita kaɗai ta rage, wannan karon da gaske. Dattijon ya ce kafin komai ka ɓare salatef ɗin nan. In ramin yana buɗe, ko gidan duka ya hau kan jan maɓalli ba abin da zai taɓa kaset. A kai wa Injiniya ya duba zaren, in da fumfuna ya goge. Kada a ce bari a leƙa tukuna a gani. Sakawar farko ita ce ta juyewa, don tsohon zare ba kullum yake ba da dama ta biyu ba.

Ka rubuto mini abin da ka gani yadda ka gan shi, ko ƙwallo ce daga farko har ƙarshe. Kada ka auna mini kabad.

'Yarka.


Litinin, 18 ga Yuni

'Yar Dogo,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Na'ura ta iso lafiya, ta shiga kabad, ta bar wurin yatsa ɗaya a gefe. Gwaggonki ta ce baƙa dama ita ta ce.

Ranar Asabar da hantsi Injiniya ya rufe shagonsa ya zo da auduga da 'yar kwalba. Na fito da kaset. Salatef ɗin ya zama ruwan ƙasa, ya bushe. Na sa farce na ɓare shi da kaina, ya zo guntu-guntu. Injiniya ya ɗaga murfin zaren ya nuna mini fari-fari a gefensa kamar an barbaɗa gari. Ya fi awa yana juyawa da hannu yana gogewa. Ya ce, "Baba, da ka ƙara damina biyu, da ko ƙwallon ba za ka samu ba."

Aka sa faifai a baki ɗaya, kaset a ɗayan. Aka zo dannawa, kowa ya tsaya. Gwaggonki ta ce, "Kai ka danna. Kai ka saba." Na danna.

Ga abin da na gani. Ƙofar maɗaba'a, da mutane suna shiga, kamar ƙiftawar ido biyar. Sai filin ƙwallo. Injiniya yana duba agogonsa. Minti talatin da ɗaya, 'yata. Muka zauna muka kalle shi duka, ba mai tari. Kuma ba a ci ko ɗaya ba. Ko raga ba a girgiza ba.

Sai allon ya yi tsalle, ya cika da ɗige-ɗige, ya washe. Ga mai maɗaba'a a tsakiyar jawabi, inji yana ta aiki a bayansa. An riga an tayar. Bayanin mahaifinki ya tafi, duka, ba saura. Kin ce in rubuto miki yadda na gan shi, ga shi nan tsirara.

Jawabin mai maɗaba'a kuwa minti goma sha tara, ko kalma ɗaya bai ɓata ba. Launi ya koɗe, kowa ya zama ja-ja, wani layi yana rawa a ƙasan allo. A can baya wajen inji akwai wani dogon mutum cikin rigar aiki, ya ba mu baya yana ɗibar takardu. Gwaggonki ta tashi ta je gaban talabijin tana cewa, "Juyo mana. Dogo, juyo." Bai juyo ba. Na ce a raina shi ke nan, bayansa zan aika wa yarinya.

Aka gama jawabi, aka tafa, aka fara kwashe kujeru. Mai kyamara yana ta yawo da ita kamar ya manta a kunne take. Sai ga Dogo ya taho. Yana tafe yana goge hannu da tsumma, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka, yana ɗan sunkuyawa kamar kullum akwai ƙofa a gabansa. Na manta haka yake tafiya. Na rantse na manta.

Mai kyamara ya ce, "Dogo, faɗi wani abu."

Ya ce, "Duk surutun da na yi ɗazu fa? Ba ka ɗauka ba?"

"Na ɗauka. Ƙara."

"Ni sauri nake. 'Yata haƙori take fitarwa, ta cije ni a nan." Ya ɗaga babban yatsa ya nuna. Ya waiga ya ƙwala mini kira, "Yaya! Zo a ɗauke ka, ka bar kujerun nan, ba naka ba ne." Ya yi dariya. Muryarsa ba ta kai tsawonsa ba, siririya ce, tana ɗan shaƙewa in zai yi dariya. Za ki ji da kanki.

Minti ɗaya da rabi ne duka. Injiniya ya auna.

Mun juye faifai uku. Da aka zo na ukun, daga na farkon aka kwafa a shagon Injiniya, don zaren ya fara kuka, ya ce a bar shi haka. Biyu suna wajen direba, ɗaya naki ɗaya na mahaifiyarki. Na bar ƙwallon a ciki, ban sa an cire ba. Ki tsallake ta in kin so. Kaset ɗin ma yana cikin ƙunshin, a kwalinsa, na rubuta suna a jikinsa da alƙalami mai kauri. Ya daɗe a akwatin da ba nasa ba.

Gwaggonki tana gaishe ku, ta riga ta aro faifai huɗu a maƙwabta. A gaida Malam, a yi wa dattijon bayan tasha godiya.

Saura ƙarshen minti ɗaya da rabin, don kada ya zo miki ba shiri yadda ya zo mini. Kafin ya tafi, ya matso da fuska dab da kyamara, ya ƙwanƙwasa gilashin da yatsa mai tawada, ya ce, "Wai an ce abin nan naku ba ya daɗewa. Shekara ashirin, mutanen ciki sun watse." Mai kyamara ya ce ƙarya ake yi musu. Dogo ya ce, "To ko ma dai mene ne, a ba mutane su kalla da wuri." Ya jefa tsumman a kafaɗa ya fita daga hoton.

Maganar nan na ji ta a shagon aski na musa. Dattijonki ya aiko mini da ita na yi kamar ban ji ba. Injiniya ya nuna mini ita a kan auduga. Wanda ya gaya mini na ƙarshe, ranar Asabar da hantsi, a falona, ina zaune da guntun salatef a farce, mahaifinki ne.